Gaba na Sarki, Baya na Soja: Karatun Katunan Yaƙin Jamus

A kasuwannin tsofaffin kaya na biranen Jamus, irin wadda ke ci kowace Lahadi a Mauerpark cikin Berlin, da wuya mutum ya gama zagayawa bai tarar da mai teburin da ya ajiye kwalin takalmi shaƙe da tsofaffin katunan gidan waya ba. An jera su a tsaye, an rarraba da guntayen kwali: garuruwa, furanni, gaisuwar Kirsimeti, sai wani kashi mai kauri da aka rubuta wa 1914–1918. Akasarin na wannan kashi ba su wuce yuro ɗaya ko biyu. Wanda ƙafarsa ba ta kai can ba yana iya ganin irinsu dubbai a shafukan gwanjo na intanet kamar Delcampe da eBay. Arahar ce ta fara ɗaure mini kai. Takarda ce da ta haura shekara ɗari, wadda wani saurayi ya rubuta da fensir yana tsugune a ramin yaƙi, amma kuɗinta bai kai na kofin gahawa a garin ba.

Dalilin arahar yawa ne, kuma zan zo kansa. Abin da ya fi riƙe ni shi ne yadda ake sayar da su. Dillali yakan ɗauki hoton gaban katin, ya bayyana abin da ke ciki, ya faɗi sunan mai zane da na maɗaba'a, ya sa farashi. Bayan katin, inda rubutun hannu yake, sau da yawa kalma ɗaya ce rabonsa: gelaufen, ma'ana ya bi ta gidan waya. Ni kuwa a ganina rabin tarihin a nan yake. Gaban kati yana nuna abin da ɗan kasuwa ya yi hasashen jama'a za su so su gaskata, ko abin da hukuma ta yarda a gani. Bayansa yana ɗauke da ɗan abin da mutum ɗaya ya samu damar faɗa wa mutum ɗaya. Mai tara katunan da ya tsaya a gaba kaɗai yana sake sayen farfagandar da aka sayar wa kakannin wasu ne.

Shi katin gidan waya a Jamus tare da yaƙi ya tashi. A 1865 wani jami'in gidan waya na ƙasar Prussia, Heinrich von Stephan, ya kawo shawarar a fito da takarda mai kauri da za a rubuta saƙo a kanta a aika babu ambulan. Aka ƙi, da hujjar cewa bai dace saƙon mutum ya riƙa yawo a buɗe kowa na leƙawa ba. Ostiriya ce ta riga kowa, ranar 1 ga Oktoba 1869, bisa shawarar wani malamin tattalin arziki, Emanuel Herrmann. Da Stephan ya zama shugaban gidan waya na Tarayyar Jamus ta Arewa sai ya farfaɗo da tasa, aka fara sayar da katin a Berlin a ƙarshen Yunin 1870. Ba a cika wata guda ba yaƙi ya ɓarke da Faransa. Sojoji suka samu damar aika kati kyauta, kuma kafin ƙarshen shekarar sun aika kimanin miliyan 10. Ranar 16 ga Yuli, da aka yi shelar tara sojoji, wani mai maɗaba'a a Oldenburg, August Schwartz, ya buga ɗan hoton sojan igwa a kusurwar kati ya aika wa surukansa a Magdeburg. Masu tarihin gidan waya sukan lissafa shi a matsayin katin hoto na farko a Jamus.

Shekara 30 bayan haka Jamus ta zama maɗaba'ar duniya a wannan sana'a. Kamfanoni a Leipzig da Dresden da Berlin da Munich sun ƙware wajen buga hoto mai launi da faifan dutse, kowane launi da nasa dutsen, a yi ta maimaita bugu har hoton ya cika. Hatta katunan da ke nuna titunan garuruwan Amurka da yawansu a Jamus aka buga su, har sai da Amurka ta ɗora musu haraji mai nauyi a 1909. Gidajen masu hali suna da kundin adana katuna a falo, ana nuna wa baƙi. Akwai wani sauyi na 1905 da mai tarawa ya kamata ya riƙe. Kafin shekarar, ɓangaren adireshi na adireshi ne kaɗai, don haka a gefen hoto ake cusa saƙo. Daga 1905 aka ja layi a tsakiyar bayan katin, hagu na saƙo, dama na adireshi. Hoto ya cinye gaban katin duka, maganar mutum ta koma baya.

Saboda haka da yaƙi ya zo a watan Agustan 1914 masana'antar a shirye take, da injunanta da masu zanenta da 'yan tallanta. Ga shi ta rasa kasuwanninta na ƙetare dare ɗaya, tana neman madadi. Madadin shi ne Feldpost, gidan wayan sojoji, wanda ke kai kati da wasiƙa tsakanin fagen daga da gida ba tare da kan sarki ba. Jamus ta ɗauki maza kimanin miliyan 13 aikin soja a tsawon yaƙin, kowanne da uwa ko mata ko budurwa mai jiran alamar yana raye. Adadin da aka saba kawowa shi ne saƙonni biliyan 28.7 tsakanin 1914 da 1918, a haɗa wasiƙu da katuna da ƙunshin kaya. Ko ɗaya cikin dubu ne ya tsira, ya isa ya cika kwalayen takalmi har zamanin jikokinmu.

A nan ne abin ya fi ba ɗan jarida irina sha'awa. Idan aka ce farfaganda, tunaninmu yakan tafi ga ma'aikatar yaɗa labarai da umarni daga sama. Katunan 1914 akasarinsu ba ta nan suka fito ba. Kamfanoni masu zaman kansu ne suka buga su don riba, mutane suka saya da kuɗinsu a kantin littattafai da tashar jirgin ƙasa da kantin bariki. Hukuma tacewa take yi, ta hana abin da ba ta so. Abin da ya cika kasuwa kuwa shi ne abin da ke saurin fita. Don haka tarin katunan shekarar ya fi kama da rijistar ciniki fiye da sanarwar gwamnati, kuma nauyinsa a matsayin hujja ya fi na sanarwar, domin ba a tilasta wa kowa saye ba.

Me suka saya? Akwai Kaisa Wilhelm na Biyu da gashin bakinsa a miƙe sama. Akwai Germania, mace mai sulke da takobi wadda ke wakiltar ƙasar, da tuta mai baƙi da fari da ja, da lambar yabo ta Kuros ɗin Ƙarfe. Bayan nasarar Tannenberg a kan Rasha a ƙarshen Agustan 1914, fuskar Janar Hindenburg ta fara gogayya da ta Sarkin kansa. A Satumban 1915 aka kafa masa mutum-mutumi na katako a Berlin mai tsayi fiye da mita 12, jama'a na biyan kuɗi su kafa masa ƙusa, ta ƙarfe ko ta azurfa ko ta zinariya gwargwadon aljihu, kuɗin na taimakon iyalan waɗanda yaƙi ya ci. Aka yi irin wannan a garuruwa da dama, kusan kowanne da katinsa. Wani mawallafi a Berlin, W. Sanke, ya riƙa fitar da hotunan matuƙan jiragen yaƙi masu lamba bi da bi, yara na tarawa suna musaya kamar yadda na yau ke yi da hotunan 'yan ƙwallo.

Sai dai taurarin katin ba su daɗe. Otto Weddigen, wanda jirginsa na ƙarƙashin teku, U-9, ya nutsar da jiragen yaƙin Birtaniya uku cikin kusan sa'a guda ranar 22 ga Satumba 1914, ya halaka a teku a Maris 1915. Max Immelmann ya faɗo a Yunin 1916, Oswald Boelcke a Oktoban shekarar, Manfred von Richthofen ranar 21 ga Afrilu 1918 bayan an lissafa masa jirage 80. Kati bai tsaya ba don mai hoton ya mutu. Mutuwar ma ƙara masa kasuwa take yi.

Amma duk wanda ya zauna ya juya kwali guda daga farko zuwa ƙarshe zai ga cewa janar-janar ba su ne suka fi yawa ba. Soyayya ce. Hotuna ne da aka ɗauka a ɗakin mai hoto a Berlin ko wani birni, wani ɗan wasa cikin kakin da bai taɓa ganin taɓo ba yana bankwana da budurwa a gaban labulen da aka zana daji, an shafa wa kumatunsu ja da hannu. Sukan fito a jere, kowane kati da ɗan baiti a ƙasa, domin wanda ya sayi na farko ya dawo neman na biyu. Akwai mala'ika mai gadin soja yana barci, akwai jarirai sanye da hular soja. Brynolf Wennerberg, mai zane ɗan asalin Suwidin da ke aiki da mujallar Simplicissimus a Munich, ya yi suna da zanen kyawawan mata suna karanta labarin nasara ko suna kula da hafsan da ya ji ɗan rauni a hannu. Yaƙin da ke cikin zanensa babu wari, babu ƙwarƙwata.

Akwai kuma katunan ba'a na watannin farko, inda ake nuna sojan Jamus ɗaya yana zane Bafaranshe da Baturen Ingila da mutumin Rasha kamar yaran makaranta. Waɗannan sun tsufa da wuri. Sojojin da suka ga abin da bindiga mai jigida ke yi wa mutum sun yi ƙorafin irin katunan da ake aiko musu daga gida, hukumomin soja kuma suka fara taƙaita su. Idan aka jera katunan bisa shekara, ana ganin dariyar tana dusashewa. Hular nan mai tsini a ka ta ba da wuri ga kwalkwalin ƙarfe daga 1916, shekarar Verdun da Somme, kuma wannan ma hanya ce ta gane shekarun kati. A 1917, bayan hunturun da takunkumin jiragen Birtaniya ya sa mutanen birane suka rayu a kan wani irin tushe da a da dabbobi ake ba, Fritz Erler ya zana hoton tallan bashin yaƙi karo na shida: soja mai baƙar fuska, abin kariyar iskar guba rataye a ƙirji, waya mai ƙaya kewaye da shi. Wannan ma roƙon kuɗi ne, amma an daina yi wa mai bayarwa alkawarin yawon shaƙatawa. Bashin kuwa hauhawar farashin 1923 ta mayar da shi takardar banza.

To, a juya katin. Babu kan sarki. A madadinsa an rubuta Feldpost, ga hatimin rundunar mai aikawa, ga na gidan waya da kwanan wata. Sau da yawa an rubuta suna da muƙami da lambar runduna a gefe, domin a san inda za a mayar da amsa. Saƙon da fensir ne, cikin tsohon salon rubutun hannu da ake kira Kurrent, mai tsinin haruffa. Gwamnatin Nazi da kanta ta soke koyar da irin wannan rubutu a 1941, don haka yawancin Jamusawan yau ba sa iya karanta abin da kakanninsu suka rubuta. Wani ɓangare na arahar daga nan yake: magada sun sayar da abin da ba su iya karantawa.

Wanda ya koyi rubutun zai iya jin an yaudare shi a karon farko. Ina lafiya. Ƙunshin ya iso. A aiko safa da taba. A gaida wance. Ruwan sama ake yi. Abin da ke akasarinsu ke nan, kuma da wuya saƙon ya tanka wa hoton da ke gabansa ko da kalma guda. Ga Germania tana ɗaga takobi, a bayanta mutum yana tambayar ko saniya ta haihu. Dalilan a fili suke. Kati a buɗe yake, hafsa na iya karantawa, an hana faɗin wurin da ake, kuma babu mai son tayar wa uwarsa hankali. Da yawa sun sayi katin da suka samu ne kawai a kantin bariki. Saƙon na haƙiƙa shi ne kwanan watan da rubutun hannun: ran kaza ina raye. Ni wannan rashin jituwa tsakanin gaba da baya ya fi kowane zane ƙayatar da ni, domin ya nuna iyakar da kishin ƙasa na kanti yake tsayawa. Kaɗan ne suka ƙwace gaban katin ya zama nasu. Otto Dix, wanda ya yi yaƙin a rukunin masu bindiga mai jigida, ya riƙa zana ramuka da rusassun ƙauyuka a kan fararen katunan Feldpost yana aika wa wata abokiyarsa, Helene Jakob, a Dresden.

Wani rukuni na katunan ya shafe mu kai tsaye. A Nuwamban 1914 Daular Usmaniyya, ƙawar Jamus, ta yi shelar jihadi a kan Birtaniya da Faransa da Rasha, kuma Berlin ta sa rai Musulmin da ke ƙarƙashin mulkin waɗannan ƙasashe za su tayar. A Wünsdorf, kudu da Berlin, aka ware sansani na musamman, Halbmondlager, wato Sansanin Jinjirin Wata, aka tara dubban fursunonin yaƙi daga Arewacin Afirka da Afirka ta Yamma da Indiya. Aka gina musu masallacin katako mai ƙubba da hasumiya, aka buɗe shi a Yulin 1915 a farkon azumi, aka buga musu jarida mai suna El Dschihad. Sannan aka buga katuna: masallacin, fursunoni a sahun salla, yankan rago ranar idi. Mai kallo a yau zai iya cewa karamci ne. Manufar ita ce a ja fursunonin su koma yaƙi a ɓangaren Usmaniyya, kuma kaɗan ne suka amsa.

Haka kuma katunan Kamaru da Togo, waɗanda Jamus ta mulka har yaƙin ya raba ta da su. A cikinsu ana cin karo da fatake da sojoji da aka rubuta wa Haussa a ƙasan hoto, babu suna, babu gari, kamar yadda ake yi wa tsuntsu a littafin kimiyya. Garwa ta faɗa hannun Birtaniya da Faransa a Yunin 1915, dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916, amma hoton baƙin soja mai biyayya ya ci gaba da fitowa a katunan masu neman a mayar wa Jamus yankunanta har cikin shekarun 1930. A lokaci guda kuma, daga 1920, aka cika kasuwa da katunan da ke zana sojojin Afirka da Faransa ta girke a yankin kogin Rhine a matsayin dodanni masu farautar matan Jamus. Wannan zane bai tsaya a takarda ba. A 1937 gwamnatin Nazi ta tattara ɗaruruwan yaran da waɗannan sojoji suka haifa da matan yankin, ta yi musu tiyatar hana haihuwa a asirce.

Da zuwan Hitila a 1933 lissafin ya sauya, domin kasuwa da jam'iyya sun zama abu ɗaya. Heinrich Hoffmann, mai ɗaukar hotonsa, ya riƙe kusan dukkan cinikin fuskar shugaban ya zama attajiri. Tun a 1927 ya sayar da jerin katunan da ke nuna Hitila yana gwada salon jawabi a ɗakin hoto. Wolfgang Willrich ya zana sojojin da suka ci lambar yabo, irin su Rommel, da fuskokin manoma da ya zaɓa a matsayin samfurin tsarkin jini. Katunansa suna da masu nema a yau saboda ƙwarewar hannunsa. Ya kamata mai sayensu ya san cewa Willrich na cikin waɗanda suka shirya baje kolin Munich na 1937, inda aka rataye ayyukan masu zane don a yi musu tofin Allah tsine, har da na Otto Dix. Dokar laifuka ta Jamus, sashe na 86 da 86a, ta haramta baje alamomin Nazi, sai don ilimi ko bincike ko fasaha ko bayar da tarihi. Shi ya sa dillalai ke rufe alamar suwastika a hotunan tallansu. Doka ba ta iya tantance zuciyar mai saye, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa wani kaso na kasuwar masu begen zamanin ne.

A wannan zamani ne kuma bayan katin ya daina zama mafakar gaskiya. A farkon Maris 1944 aka umarci Yahudawan da aka kwaso daga Theresienstadt zuwa Auschwitz su rubuta wa danginsu kati cewa suna lafiya, su sa kwanan wata na ƙarshen watan. A daren 8 ga Maris aka kashe kimanin 3,800 daga cikinsu da iskar guba, katunan suka iso bayan masu su. A ɗaya gefen akwai Otto da Elise Hampel, ma'aurata 'yan ƙwadago a unguwar Wedding ta Berlin. Bayan an kashe ɗan'uwan Elise a Faransa a 1940, suka riƙa rubuta kiran bijirewa a kan katunan gidan waya suna ajiyewa a matakalar gidaje. Sun rubuta fiye da 200 cikin shekara biyu, kuma yawancin waɗanda suka tsinta kai tsaye suka miƙa wa 'yan sanda. Aka fille musu kai a kurkukun Plötzensee ranar 8 ga Afrilu 1943. A kan labarinsu Hans Fallada ya gina littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1947.

Ga mai son shiga wannan harka, abin lura na farko jabu ne, musamman a katunan zamanin Nazi da na matuƙan jirage inda farashi ke hawa. Madubin ƙara girma yana tona bugun injin zamani, fitila mai hasken shuɗi irin ta gwajin takardun kuɗi kuma tana sa sabuwar takarda ƙyalli saboda sinadarin fari da aka fara zubawa bayan yaƙi na biyu. Masu neman riba sun fi son kati sabo ƙal wanda ba a taɓa rubutu a kansa ba. Ni na fi son mai lanƙwasar kusurwa da hatimi, ko da ya fi araha, domin shi ne ake iya bin sawunsa. Gidan tarihin sadarwa na Berlin yana da babban tarin wasiƙun Feldpost, shafin Europeana kuma ya ɗora dubban katunan da iyalai suka kawo, don haka akwai abin gwadawa kyauta. Jerin sunayen matattu da raunana da sojan Jamus ya riƙa bugawa daga 1914 zuwa 1919 yana intanet, 'yan sa-kai sun shigar da sunaye fiye da miliyan 8. Ƙungiyar Volksbund, mai kula da kaburburan sojojin Jamus tun 1919, ita ma tana da shafin neman kabari. Da suna da lambar runduna da ke gefen katin yuro biyu, cikin minti goma mutum zai iya gano ko mai neman safar nan yana cikin kimanin miliyan biyu da ba su koma gida ba.